Yadda Ake Haɗa Kalmomin Turanci Wajen Ba da Labarin Girgizar Ƙasa Mai Ɓarna

Duk wanda ya daɗe yana gyara rubutun masu koyon Turanci ya san ba nahawu kaɗai ke tona asirin mutum ba. Sau da yawa jimla takan zo lafiya lau, aikatau na inda ya dace, lokaci bai karkace ba, amma kunnen mai harshen ya ƙi karɓarta. Dalili kuwa shi ne kowace kalma tana da abokan tafiyarta. Mu ma haka muke: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Wanda ya ce maka "fari ƙirin" ka fahimci abin da yake nufi, amma nan take ka san baƙo ne a harshen. Turawa na kiran wannan zaman tare na kalmomi *collocation*. Ni kuwa fagen da na fi son koyar da shi a ciki shi ne labarin girgizar ƙasa, saboda kalmominsa 'yan kaɗan ne, kuma 'yan jarida na jera su kusan a tsari ɗaya duk sa'ad da bala'in ya auku.

Ga irin rubutun da nake yawan cin karo da shi: *A heavy earthquake happened in Turkey and made many damages. Many houses were collapsed.* Babu wanda zai kasa gane maganar. Sai dai kusan kowace gaɓa tana da ƙaya. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, in mun kai ƙarshe mu sake gina labarin.

Mu fara da sifa. *Heavy* ba ta tafiya da *earthquake*. Tana tafiya da ruwan sama, *heavy rain*, tana tafiya da asara, *heavy losses*, har ma da ɓarnar da girgizar ta yi, *heavy damage*, amma ita girgizar kanta ba a ce mata *heavy*. To me ake cewa? A nan ne nake so ka tsaya ka nutsu, domin wannan shi ne ƙashin bayan darasin duka. Turanci ya raba sifofin girgizar ƙasa gida biyu. Gida na farko yana magana kan ƙarfinta: *strong*, *powerful*, *major*, *massive*, *huge*. Gida na biyu yana magana kan abin da ta yi wa mutane da dukiyarsu: *deadly*, *devastating*, *destructive*, *catastrophic*. Masu koyo sukan gauraya su kamar duk ma'anarsu ɗaya, "mai tsanani". Ba haka ba ne.

Dubi abin da ya faru a shekarar 2010. Ranar 12 ga Janairu girgiza mai ƙarfin maki 7.0 ta afka wa Haiti, kusa da babban birnin ƙasar, Port-au-Prince. Gwamnatin ƙasar ta ce waɗanda suka rasu sun haura 300,000, ko da yake wasu masu ƙiyasi sun ba da adadi ƙasa da haka sosai. Ranar 27 ga Fabrairu kuma wata mai maki 8.8 ta afka wa Chile, ta kashe mutum fiye da 500. Ta Chile ta ninka ta Haiti ƙarfi kusan sau 500, amma gine-ginen Chile an yi su ne da tunanin girgiza, na Haiti kuwa akasarinsu ba a yi su da wannan tunani ba, ga cunkoson jama'a, ga kuma girgizar ta tashi daga kusa da doron ƙasa. Saboda haka in kana kwatanta su, ta Chile ce *the more powerful earthquake*, ta Haiti kuma *the deadlier*. Ka musanya su ka faɗi ƙarya, ko da nahawunka ya fi na malaminka.

Abin yi ke nan: kafin ka ɗora sifa, tambayi kanka me ka sani a yanzu. In abin da ya iso gare ka shi ne adadin maki kawai, ka tsaya a gidan ƙarfi, ka ce *a powerful earthquake*. Sai an tabbatar an rasa rayuka za ka ce *deadly*. Sai an ga unguwanni a kwance za ka ce *devastating*. *Catastrophic* kuwa ina ba da shawara a ajiye ta sai ga irin na Haiti, ko irin na ranar 26 ga Disamba, 2004, lokacin da girgiza mai maki 9.1 a gaɓar Sumatra ta Indonesiya ta tayar da igiyar ruwa da ta hallaka mutum fiye da 220,000 a ƙasashe fiye da goma. In ka kashe babbar kalma a kan ƙaramin lamari, ranar da babban ya zo ba ka da abin faɗa.

Su ma sifofin ƙarfin ba kara zube suke ba a bakin masana. Akwai matakan da aka saba amfani da su: daga maki 3 zuwa 3.9 *minor*, daga 4 zuwa 4.9 *light*, daga 5 zuwa 5.9 *moderate*, daga 6 zuwa 6.9 *strong*, daga 7 zuwa 7.9 *major*, daga 8 zuwa sama kuma *great*. 'Yan jarida ba kullum suke bin wannan sau da ƙafa ba, amma sanin sa zai hana ka kiran girgiza mai maki 4.5 *major*. Ka kuma lura da *great* a nan: ba yabo ba ne, girma kawai take nufi. Mafi girma da na'ura ta taɓa aunawa ita ce ta Valdivia a Chile, ranar 22 ga Mayu, 1960, mai maki 9.5.

Tunda mun shigo maki, ga yadda ake rubuta shi. Hanyoyi uku ne aka fi gani: *a 7.8-magnitude earthquake*, da karan-ɗori tsakanin lambar da kalmar. Ko *a magnitude 7.8 earthquake*, ba karan-ɗori. Ko *an earthquake of magnitude 7.8*. Duk daidai ne, ka zaɓi ɗaya ka riƙe ta har ƙarshen rubutunka. Akwai ɗan tarko a kan *a* da *an*: sautin lambar ake bi, ba surarta ba. Bakwai a Turanci da baƙi take farawa, don haka *a 7.8*, takwas da wasali take farawa, don haka *an 8.8-magnitude quake*. Aikatau da ke tafiya da maki su ne *measure* da *register*: *The quake measured 6.8.*

Za ka sha ganin an ƙara *on the Richter scale* a ƙarshen wannan jimla. Ni dai nakan soke ta a rubutun ɗalibaina. Charles Richter ya fito da ma'auninsa a 1935 domin girgizar kudancin California, kuma ba ya auna manyan girgiza daidai. Tun 1979 Thomas Hanks da Hiroo Kanamori suka kawo wani ma'auni, *moment magnitude scale*, wanda shi ne hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ke amfani da shi ga manyan girgiza a yau. Idan ka ce *magnitude 7.8* ka yi shiru, ba ka yi kuskure ba. Kuma kada ka ɗauka tazarar da ke tsakanin 6 da 7 ƙarama ce: kowane maki ɗaya ƙari ne na ƙarfi kusan ninki 32, maki biyu kuma ninki 1,000. *Intensity* wani abu ne daban, shi ne tsananin jijjigar da aka ji a wani wuri takamaimai, ana auna shi da ma'aunin Mercalli mai matakai 12. Girgiza ɗaya *magnitude* ɗinta ɗaya ne, amma *intensity* ɗinta ya bambanta daga gari zuwa gari.

Yanzu sai aikatau. *Happened* ba haramun ba ce, amma ba ta da jini a jika, kuma ba za ka cika ganinta a farkon labari ba. Masana kan ce *occurred*. 'Yan jarida kuwa sun ɗauki girgizar ƙasa tamkar mai kai hari, sai su ce *struck* ko *hit*. Waɗannan biyun su ne dawakan aiki, in ka riƙe su kaɗai ma sun ishe ka: *An earthquake struck southern Turkey.* *A quake hit central Morocco.* Ka lura ba a sa *in* tsakanin aikatau da sunan wurin in wurin ne abin ya faɗa wa. Amma *struck* na iya tsayawa ba tare da karɓau ba, sai lokaci ko wuri ya biyo: *The quake struck at 4:17 a.m.*, ko *struck off the coast of Japan*, wato a cikin teku daura da gaɓar Japan. Wannan *off the coast of* ka haddace shi a dunƙule, kada ka warware shi.

Akwai wasu aikatau na jijjiga, kuma suna da nauyi daban-daban. *Rocked* na da nauyi, takan zo da babban lamari. *Shook* na tsaka-tsaki ne. *Jolted* na nuna fizga ta farat ɗaya, irin mai tayar da mutum daga barci. *Rattled* kuwa ta fi sauƙi, tana kawo hoton tagogi da kwanuka na kaɗawa, shi ya sa takan zo da girgizar da ta firgita mutane amma ba ta yi kisa ba. Idan ka rubuta cewa girgizar da ta kashe dubbai *rattled* gari, ka raina abin da ya faru ba da niyya ba. Ga wuraren da ke nesa kuma ana cewa *was felt*: *The tremor was felt as far away as Cairo.* Ita *tremor* ɗin ma ƙanwar *earthquake* ce, ta fi dacewa da ƙaramar jijjiga. *Quake* gajartawa ce da kanun labarai ke so saboda ƙarancin wuri. *Temblor* kuma jaridun Amurka ne suka fi amfani da ita. Ka gane ta in ka gan ta, ba sai ka yi amfani da ita ba.

Mu zo ga *made many damages*, inda kurakurai biyu suka kwana ɗaki ɗaya. Na farko, ɓarna a Turanci ba a *make* ɗinta. Ana cewa *cause damage*, ko *do damage*, ko a rubutu mai nauyi *inflict damage*. Abin da ɓarnar ta faɗa wa kuma shi ne ke *suffer damage* ko *sustain damage*. Na biyu, *damage* a wannan ma'ana ba ta da jam'i. Da zarar ka liƙa mata *s* ta koma kotu: *damages* na nufin diyyar da alƙali ke yanke wa wanda aka cuta. Tunda ba a ƙirga ta, ba a ce mata *many*. Ana auna ta ne da sifa: *widespread damage* in ta bazu wurare da yawa, *extensive damage* in tana da faɗi da yawa, *severe* ko *heavy damage* in ta yi tsanani, *minor damage* in 'yar kaɗan ce, *structural damage* in ta taɓa ginshiƙai da tushen gini, ba fenti da gilashi kawai ba. Sannan *to* ke bin ta, ba *of* ba: *damage to roads and bridges*.

Haka *rubble* da *debris*, wato ɓaraguzai, su ma ba su da jam'i. Babu *rubbles*.

*Were collapsed* kuma fa? Gini a Turanci shi ke rushewa da kansa: *Buildings collapsed.* Idan kana so ka nuna girgizar ce ta rushe shi, sai ka sauya aikatau. *Toppled* na tafiya da abu mai tsayi da ya kife, kamar hasumiya. Hasumiyar Dharahara da ke Kathmandu misali ce, wadda girgizar Nepal ta 25 ga Afrilu, 2015 ta kayar. *Flattened* da *levelled* na nufin an shafe wuri ya koma daidai da ƙasa, sun fi dacewa da ƙauye ko unguwa gaba ɗaya. *Reduced to rubble* ma haka, kuma ita ma a dunƙule ake haddace ta. Tsakanin *damaged* da *destroyed* akwai rata: na farko ana iya gyarawa, na biyu sai dai a sake gini. Shi ya sa rahotanni kan haɗa su, *damaged or destroyed*, in ba a gama tantancewa ba. Kuma ba a cewa *very destroyed*. Sai dai *completely destroyed*, ko *badly damaged*.

Girgizar ƙasa ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba, kuma Turanci na da kalma guda da ya keɓe wa abin da take jawowa: *trigger*. *The quake triggered a tsunami.* *It triggered landslides.* Ta Nepal ɗin nan ta jawo zaftarewar ƙanƙara a tsaunin Everest, *triggered an avalanche*. Ta Japan, ranar 11 ga Maris, 2011, mai maki 9.0, ita ce misalin da ya fi nuna amfanin wannan kalma, domin akasarin waɗanda suka rasu igiyar ruwa ce ta ci su, ba rushewar gini ba, kuma ruwan ne ya jawo haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima. Marubucin da ya ce *the earthquake and the tsunami it triggered* ya ba kowane ɓangare haƙƙinsa. In gobara ce ta biyo baya, an fi cewa *sparked fires*; a San Francisco a 1906 gobarar da ta biyo bayan girgizar ta yi kwanaki tana ci, ta kuma cinye babban ɓangaren birnin. Jijjigar da ke biyo baya sunanta *aftershock*, kuma takan zo da *followed by*: *followed by a series of strong aftershocks*.

Sashen da na fi so a yi taka-tsantsan da shi shi ne na mutane. *Death toll* shi ne adadin waɗanda suka rasu, kuma yana da aikatau nasa na kansa: *rises*, *climbs*, *reaches*, *passes*, *tops*, *stands at*. Ba a cewa *the death toll is many*. Adadi ne, don haka sai dai *high*. *Casualties* kuwa tarko ce babba. Ba matattu kaɗai take nufi ba, ta haɗa da waɗanda suka jikkata. Wanda ya ga *500 casualties* ya fassara da "mutum 500 sun mutu" ya kashe mutanen da ke kwance a asibiti da ransu. In mutuwa kaɗai ake nufi, *deaths* ko *fatalities* ake cewa. Ga raunuka, *injured* ce abokiyar bala'o'i irin wannan. *Wounded* ta fi tafiya da harbi da yaƙi.

Akwai kuma kalmomin da ke kare marubuci daga faɗin abin da bai tabbata ba, kuma a sa'o'in farko na bala'i su ne suka fi komai muhimmanci. *At least 300 people were killed* na nufin wannan ne aka tabbatar, yana iya ƙaruwa. *Feared dead* na nufin ana fargabar sun mutu, ba a ga gawa ba. *Missing* da *unaccounted for* na nufin ba a san inda suke ba. *Confirmed dead* kuwa an tabbatar. Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, rahotannin farko daga Turkiyya da Siriya sun fara da ɗaruruwa, kafin a ƙarshe adadin ya haura 50,000. Wanda ya sa *at least* da safiyar ranar bai yi ƙarya ba. Sauran jerin da za ka riƙa gani su ne *trapped under the rubble* ga waɗanda gini ya danne, *pulled from the rubble* ga waɗanda aka zaƙulo, *left homeless* ga waɗanda suka rasa matsuguni, da *claimed lives*, wadda kusan daidai take da "ta ci rayuka" namu.

Turanci na kuma son matse magana ta hanyar ɗaure kalmomi biyu da karan-ɗori su zama sifa ɗaya. *Quake-hit areas*, yankunan da abin ya shafa. *The worst-hit* ko *hardest-hit province*, lardin da ya fi jin jiki. *Earthquake-prone*, wurin da girgiza ta saba wa, kamar Japan ko Indonesiya. *Earthquake-resistant buildings*, gine-ginen da aka yi don jure mata. Na fi son *resistant* a kan *proof*, domin injiniyoyi ba sa alkawarin ginin da girgiza ba za ta taɓa ba ko kaɗan.

Saura wuri da zurfi. *Epicentre*, ko *epicenter* a rubutun Amurka, shi ne wurin da ke saman doron ƙasa daidai kan inda girgizar ta tashi. Can ƙarƙashin kuma sunansa *focus* ko *hypocentre*. Zurfi na zuwa da *at a depth of*. In bai kai kilomita 70 ba ana ce mata *shallow*, kuma kada kalmar ta ruɗe ka ka ɗauka sauƙi take nufi: wadda ta tashi kusa da sama ita ta fi jijjiga abin da ke kanta. Ta Christchurch a New Zealand, ranar 22 ga Fabrairu, 2011, ba ta kai maki 6.5 ba, amma da yake zurfinta kusan kilomita 5 ne kuma dab da birnin, ta kashe mutum 185.

To mu koma ga rubutun ɗalibin nan mu sake gina shi. Tsarin da ake bi kusan ɗaya ne kullum: ƙarfi, aikatau, wuri, lokaci, sannan abin da ya biyo baya a haɗe da aikatau mai *ing*. *A powerful 7.8-magnitude earthquake struck southern Turkey and northern Syria early on Monday, causing widespread damage. Thousands of buildings collapsed, trapping residents under the rubble.* Dubi yadda *causing* da *trapping* suka ɗauke maka wahalar maimaita *and*. Irin wannan wutsiya ce ke sa rubutu ya yi kama da na ƙwararru: *killing at least*, *injuring hundreds*, *leaving thousands homeless*. In kanun labari za ka rubuta kuma, lokacin yanzu ake amfani da shi ko da abin ya riga ya wuce, kuma ana zubar da *a* da *the*: *Powerful quake hits Turkey, Syria*.

Ka gwada da kanka da wadda ta afka wa Maroko daren 8 ga Satumba, 2023. Ga kayan aikin: maki 6.8, tsaunukan Atlas, kimanin kilomita 70 kudu maso yammacin Marrakesh, ƙauyukan kan dutse da aka gina da tubalin ƙasa sun rushe, duwatsu sun toshe hanyoyi, mutum kusan 3,000 sun rasu. Rubuta labarin sau biyu. Na farko kamar sa'a ɗaya bayan aukuwar abin, lokacin da maki da wuri kaɗai ka sani. Na biyu kamar bayan mako guda. Idan sifar da ka ɗora wa *earthquake* a rubutu na farko ita ce a na biyu, koma ka duba wane gida ka ɗauko ta.

Wajen tara irin waɗannan kalmomi kuma, kada ka rubuta kalma ita kaɗai a littafinka. In ka ci karo da *toll*, rubuta ta da aikatau ɗin da ka same ta da shi. In ka ga *damage*, ɗauko ta da sifarta ta gaba da *to* ɗinta na baya. Karanta rahotanni uku daga kafafe daban-daban kan girgiza ɗaya, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da suka yi tarayya a kai; waɗannan su ne za ka haddace. Kuma ka riƙa karanta su da ƙarfi, musamman aikatau masu sauya kama: *strike, struck, struck*, *shake, shook, shaken*, *hit* kuwa ba ta sauyawa ko kaɗan, babu *hitted*.